Garkar Gado Da Ɗan Makaranta

Hausawa su kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Magana ce mai daɗin faɗi, amma duk yaron da aka sa makaranta, ubansa kuwa mai garka ne, watau mai lambu, wata rana sai ta tsaya masa a maƙogwaro. Gama ga littafi a hannunsa yana kiransa zuwa ofis ko asibiti, ga kuma rijiya da fangali a bayan gari waɗanda kakan kakansa ya bari. Idan ya bi littafi ya bar garka, ya ci amanar magabatansa ke nan? Idan kuwa ya sayar da rabonsa ya sayi babur, ko ya biya kuɗin karatu, wa ya zalunta, tun da dai dukiyarsa ce, shari'a ta ba shi? Wannan ita ce maganar da na ke so mu auna yau, ni da ku 'yan makaranta, musamman na Gusau da Tsafe da Bungudu, inda da wuya a sami ajin da babu wanda ta shafa.

Irin wannan magana ba a auna ta a iska. Sai mu ɗauki gida guda mu bi shi daki-daki. Ba zan kama sunan kowa ba, don gidajen masu garka da ke gefen Gulbin Sakkwato, tun daga inda ya biyo ta Gusau har ya wuce Bungudu, labarinsu ya yi kama da juna ainun, kowa ya karanta zai ce da gidansu a ke. Za mu kira kowane mutum da abin da aka san shi da shi.

Na farinsu shi ne Mai Jigo. Yana saurayi Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Shi ya sare ƙaya da ciyawar fadama, ya haƙa rijiya inda ruwa ke kusa, ya kafa jigo. Da yawa daga cikinku ba su taɓa ganin jigo ba, saboda haka bari in kwatanta muku. A kan kafa gwafa biyu a bakin rijiya, a gitta itace a kansu, a ɗaura doguwar sanda bisa itacen yadda za ta riƙa lilo. Gindin sandar a dunƙula masa laka mai nauyi, bakinta kuma a rataya masa igiya da guga. Mai ban ruwa ya ja igiya ƙasa, guga ya nutse, ya sassauta hannu, nauyin laka ya ɗago shi cike, ya juye a magudana. Can ƙasa ga yaro da fartanya, yana buɗe bakin wannan fangali, in ya sha ya toshe, ya buɗe na gaba. Mutanen Masar da irin wannan dabara su ke ɗibar ruwan Nilu tun zamanin Fir'auna. Aiki ne wanda ba shi da ranar hutu, gama albasa ba ta san Juma'a ba, ba ta san salla ba. Tun asuba cikin hunturu mutum yana tsaye ƙafa cikin laka, alhali manoman tudu sun gama kaka suna jin ɗumi, waɗansu sun tafi cin rani. Maƙwabta su kan yi wa irinsa dariya. Amma da daminar 1913 ta ƙi, yunwar nan da a ke kira Kakalaba ta auka wa ƙasar Hausa a 1914, rumbuna suka ƙare, sai aka ga ranar mai 'yar alkama da rogo da albasa a fadama. Gidan da ke da rijiya bai ƙoshi ba, amma dai bai watse ba.

Ɗansa shi ne Mai Mangwaro. A zamaninsa aka jawo hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta biyo ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Gusau ta cika da baƙi. Aka kafa injin gurzar auduga, kantunan Turawa da na Kwarori suka buɗe, akawuna da ma'aikatan reluwe suka zo daga Kudu da matansu, su kuwa mutane ne masu son tumatur da tattasai a miya. Turawa kuma suna neman karas da kabeji da latas. Tsararrakinsa suka duƙufa ga auduga da gyaɗa, don a nan kuɗin haraji ya ke. Shi bai ƙi auduga ba, amma bai saki rijiya ba. Ya rage alkama, ya ƙara tumatur, ya koyi renon irin da ubansa bai taɓa ji ba ko da suna. Sa'an nan ya binne ƙwallayen mangwaro a gefen shinge, ya sani sarai itacen da aka shuka daga ƙwallo sai ya yi shekara 5 ko 6 kafin ya fara 'ya'ya, inuwarsa ta sosai kuwa sai jikoki. Da yunwar 1942 ta zo, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen waɗansu ƙasashe suka yi ta tururuwa zuwa Gusau neman hatsi, har aka raɗa wa yunwar suna 'Yar Gusau.

To, ku tsaya nan ku lura da wani abu. Tumatur da barkono da rogo da gwaiba, asalinsu duka daga ƙasashen Amurka su ke, jiragen ruwa suka kawo su Afirka. Mangwaro daga wajen Indiya ya fito. Ashe abin da mu ke kira kayan gado yau, jiya baƙo ne, wani mai ƙarfin hali ya karɓe shi ana yi masa surutu. Garin Gusau kansa ma haka ne. Malam Sambo Ɗan Ashafa da jama'arsa daga 'Yandoto suka taso, kusa da Tsafe, a zamanin jihadi, garin da Muhammadu Bello ya ci a 1806. Da sun ce ba za su bar inda aka binne cibiyarsu ba, da babu Gusau. Saboda haka wanda ya ce gado shi ne ka tsaya daidai inda ubanka ya tsaya, ka riƙe daidai abin da ya riƙe, magabatan da ya ke kārewa su ne na fari da za su ƙaryata shi.

Na uku shi ne Mai Inji. Ya ga farin 1973, da shanu suka mutu, gulbi ya ƙafe tun kafin lokacinsa. A 1975 gwamnati da Bankin Duniya suka kafa shirin raya aikin gona a Gusau, tare da na Funtuwa da na Gwambe, takin zamani da sabon iri suka shigo ƙauyuka. Bayan 'yan shekaru ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur suka bazu, shirin Fadama da aka fara a 1993 ya ƙara yaɗa su. Mai Inji ya tumɓuke jigo, aka yi makamashi da sandarsa, tsohon nan Mai Mangwaro yana zaune a inuwa yana tsaki. Ruwan da jigo ke wuni bai gama ba, inji ya gama shi kafin hantsi. Sai dai jigo tuwo ya ke ci, tuwon gida, inji kuwa sai an tafi kasuwa an sayo masa abincinsa da tsabar kuɗi. Daga ran nan garka ta fara sanin bashi.

Na huɗu shi ne Mai Albashi. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kwashe shi zuwa aji. Ya gama, ya sami aiki a masaƙar Gusau, daga baya da aka ba Zamfara jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni, ya koma aikin gwamnati. Masaƙar ma ta zo ta rufe. Gari ya yi ta faɗi yana cin gonaki, filin da a dā ba a kulawa da shi ya zama abin da dillalai ke zarya a kansa. Ƙanensa ne ya zauna a garka. Na biyar kuwa, ai kai ne, mai karanta wannan takarda.

Yanzu sai mu yi ɗan lissafi, tun da ku 'yan makaranta ne. A ce Mai Jigo ya bar fangali 256, ya bar 'ya'ya maza 4. Kowa ya tashi da 64. In kowannensu ya haifi 4, jikoki sun sami 16 ke nan. Na bayansu 4. Kai kuma da ka zo na biyar, rabonka fangali 1, wanda bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ban ma sa 'ya'ya mata a lissafin ba, waɗanda shari'a ta ba kowace rabin rabon namiji, ban kuma fid da tumunin matan mamaci ba. Mutane suna haifuwa, fadama ba ta haifuwa. Da dukan zuriyar Mai Jigo sun ce sai sun gaji ubansu da fartanya a hannu, da tuni sun cinye garkar, sun koma suna shari'a a kan bakin magudana. Abin da ya sa har yanzu akwai abin da za a kira garka shi ne waɗansu sun tashi sun nemi abinci a wani wuri, sun bar wa ɗan'uwansu fili ya numfasa. Don haka ni a ganina barin garka ba laifi ba ne. Sau da yawa ma taimako ne babba, ko da mai yinsa bai nufa ba.

Amma kada ɗan makaranta ya ji haka ya yi tsalle ya ce shi ke nan, ba a binsa kome. Na sha jin samari suna cewa, ai ba mu muka ce a haƙa rijiya ba, ba da shawararmu aka dasa mangwaro ba, yaya za a bi mu bashin da ba mu ci ba? Maganar tana da kamar hankali, sai dai ƙarshenta ƙarya ne, gama sun ci. Rigar makaranta ta fari da aka ɗinka wa Mai Albashi, buhun albasa aka sayar. Kuɗin jarrabawa, kwandon tumatur ne. Ƙashin jikinsa ma da miyar garkar aka gina shi. Wanda aka ciyar tun bai san kansa ba, rashin roƙonsa bai kankare cin da ya yi ba. Har ila yau ba jininsa kaɗai suka yi masa wahala ba. A zamanin Mai Jigo akwai bayi a gonaki, sai a 1901 Turawa suka yi doka cewa duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar nan ɗa ne, kuma akwai 'yan ƙodago da masu cin rani. Rijiyoyi nawa ne hannun irin waɗannan ya haƙa, ba wanda ya riƙe sunansu? Mai alfahari da garkar kakansa ya tuna da wannan, ya rage murya.

Wahalar ita ce, masu bin bashin sun riga mu gidan gaskiya, ba su da hannun karɓa. Addu'a tana isa gare su, amma kwandon mangwaro ba ya isa. To, wa za a biya? Mai Mangwaro da kansa ya nuna hanya ran da ya binne ƙwallo. Shi ma ya ci daga rijiyar da bai haƙa ba, ya rasa yadda zai mayar wa mai ita, sai ya biya wanda ba a haifa ba tukuna.

In haka ne, sai mu tambaya mene ne ainihin abin da aka bar maka, wanda za ka miƙa. Ƙasa ita ce wadda ido ke gani, ita ce alƙali ke rabawa da igiya. Shari'a ta yarda ka sayar da rabonka, ba mai kai ka ƙara. Amma ba duk abin da alƙali ya ƙyale ba ne mutumin kirki ke yi ba tare da ya waiwaya ba. Kuɗin fili, in an sayi babur da su, shekara nawa babur zai yi? Fadama kuwa in an zuba mata siminti an yi gida, ta tafi ke nan har abada, kuma fadama kaɗan ce a ƙasar nan, tudu ne mai yawa. Wanda ya ke tsammani ƙasa kuɗi ce kawai ya tambayi mutanen Bakolori, a can ƙasa kan wannan gulbi namu, kusa da Talatar Mafara. Da aka gina madatsar ruwa, aka gama ta a 1978, ruwa ya ci gonaki, diyya ta yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sanda, mutane da yawa suka rasa rayukansu. Ba don takardun kuɗi kaɗai talaka ke tsayawa gaban bindiga ba. Saboda haka in lalura ta kama ka, ta ciwo ko ta karatu, har sai ka sayar, ka fara yi wa ɗan'uwanka mai noman wurin tayi, ka kuma yi masa sauƙi, ko da dillali ya fi shi tsada.

A nan ne Mai Albashi ya kan yi kuskure, kuma kuskuren ya fi barin garka muni nesa. Shekara 20 bai taka laka ba. Da madatsar ruwan Gusau ta ɓalle a ƙarshen watan Satumba na 2006, ruwa ya ci gidaje da rayuka da amfanin gona, irinsa daga nesa su kan aiko da jaje. Shekarar da tsutsa ta cinye tumatur, ƙane ne ya ci bashin fetur shi kaɗai. Amma ran da aka ji fili ya yi daraja, sai ga yaya da mota da mai awo, a fid da masa rabonsa. Haƙƙinsa ne, ba musu. Sai dai wanda ya tsare masa haƙƙin shekara 20, yana zuba taki, yana korar awaki, yana biyan abin da ya taso, shi nasa haƙƙin fa? Kuma don kada a ce na ɗaure wa mazauna gida gindi, su ma suna da nasu. Akwai mai zama a garka ya haɗiye rabon 'yan'uwansa mata, yana cewa ai suna gidan miji, ko kwandon mangwaro ba ya aika musu. Akwai mai narka takin zamani shekara da shekaru ba ya kai ko mangala guda ta takin gida, har ƙasa ta gaji ta yi tauri. Akwai mai fesa maganin ƙwari da yamma ya tsinke tumatur da safe ya kai wa mutane kasuwa. Duk waɗannan suna riƙe da fartanyar ubansu, amma Mai Jigo ba zai so a ce jikokinsa ba ne.

Akwai kuma wani gado wanda alƙali ba ya rabawa, shi ne kuwa ya fi saurin salwanta, watau sani. Tsohon mai garka ya kan dubi ƙasa ya ga ta fara farin baki, ya san kanwa ta taso. Ya san fangalin da ke riƙe ruwa da wanda ke tsiyaya. Ya san ranar da za a ɗaga dashen albasa daga wurin reno, da ranar da za a yanke mata ruwa kafin cira don kada ta ruɓe a ajiya, da irin kan da za a ware don iri. Ya san alkama sanyin hunturu ta ke so, in aka makara shuka zafin bazara ya riske ta, sai ta yi ƙaiƙayi. Ya san inda gulbi ya taɓa bi kafin ya sauya hanya. Ba a rubuta wannan ko'ina ba. Fili in an sayar, a kan ga takarda da shaidu, a yi baƙin ciki. Sani kuwa ranar jana'iza a ke binne shi tare da mai shi, a dawo gida a ci tuwon sadaka, ba wanda ya lura an yi hasara biyu.

Abin da ke ba ni haushi da waɗansu 'yan makaranta shi ne kunya. Malami ya tambayi sana'ar uba, ɗan mai garka ya sunkuyar da kai ya ce ɗan kasuwa ne. Ya iya zana hoton ganye ya sa wa kowane sashe sunan Turanci, amma in ubansa ya aike shi ya duba ko dashe ya isa ɗagawa, sai ya tsaya yana kakkaɓe takalmi. Alhali kuwa shi ne mutum na fari a zuriyar nan da Allah ya ba abin da zai hana sanin nan mutuwa, watau alƙalami. Mai Jigo ba shi da boko, Mai Mangwaro ba shi da shi. Kai kana iya zama likita ko injiniya, ka kuma zama wanda ya karanta wa baffansa takardar da ke jikin kwalbar maganin feshi, ya gaya masa kwana nawa za a jira kafin a tsinka, ya lissafa masa ko noman bana ya fid da kuɗin fetur.

Maganar ta ƙara nauyi a zamanin nan. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi Zamfara, ƙauyuka da yawa na ƙasar Tsafe da ta Bungudu sun ga tashin hankali, an sace mutane a gonakinsu, waɗansu an sa musu haraji kafin su girbe abin da suka shuka, waɗansu sun kwashe iyali sun koma cikin gari. Wanda aka kora daga garkarsa ba a tambayarsa don me ya bar gado, jaje a ke yi masa. Amma ku duba abin da ke biyo baya. Yaron da ya tashi a gidan haya a Gusau bai san iyakar garkarsu ba, bai san tsamiyar da ta raba su da maƙwabci ba. Ran da aka sami komawa, in tsofaffi sun ƙare, da me zai tsaya gaban mai gari?

Saboda haka in an ba ku hutu, wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida ya sayi littafin rubutu guda, ya zauna kusa da su bayan sallar la'asar. Kada ya tafi da tambayoyin jarrabawa, ya bar su su yi ta zuba, gama tsoho ba ya son a katse shi. Ya rubuta iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, da sunan itacen da ke kowace kusurwa. Ya rubuta wa ya gaji wa, har da mata. Ya rubuta watan da a ke zuba kowane iri da watan cirarsa. Ku fara da rijiya: wa ya haƙa ta, gaba nawa ce, kuma a wace shekara ta taɓa ƙafewa.